Yadda Muka Yi Ta Neman Dariyar Baba a Cikin Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu wanda ya kai ni wayo a duk unguwarmu ta Aboabo a Kumasi, na taɓa ɓatar da dariyar mahaifina a cikin kwamfuta. Na san wasunku sun fara cewa yau kuma bawan Allahn nan me ya sha. Ban sha komai ba, jama'a. Ku dai bi ni a hankali, don ni ma da abin ya faru da ni sai da na yi makonni ban gane gabansa da bayansa ba.

Ni kafinta ne, a Anloga, unguwar kafintoci, nake aiki tun ina saurayi. Amma a wancan lokacin, da zarar na karkaɗe garin katako daga jikina na dawo gida, ba ni da wani aiki sai wani tsohon wasan kwamfuta. Ba zan kira sunansa ba, sa'o'ina sun san shi. Jarumi ne guda ɗaya, ka ba shi takobi da garkuwa, ya fita daga wani ɗan ƙauye ya gangara cikin rami yana saran dodanni da ƙasusuwan matattu masu tafiya da ƙafafunsu. In ya samo kaya sai ya koma ƙauye wurin maƙeri ya sayi sabon makami. In jininsa ya ƙare ya faɗi ya mutu, sai ka koma baya ka sake. Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban iya ba. Jarumina ya fi kowane jarumi a Kumasi yawan mutuwa.

Abokina ne ya koya mini wasan, kuma shi ne ya fi kowa yi mini tsiya a kai. Mai gyaran waya ne a Moshi Zango, irin mutanen nan da in suka ga abu a rufe hankalinsu ba ya kwanciya sai sun kwance shi. Wata rana ya shigo ɗakina yana kaɗa filashi a hannu.

Ya ce, "Chale, mutumina, ka san ana iya farke cikin wasan nan?"

Na ce, "A farke shi a yi me?"

Ya ce, "A canja duk abin da aka ga dama."

Ya yi mini bayani cewa wasu masoya wasan ne a ƙasashen waje, ba kamfanin da ya yi shi ba, suka zauna suka ƙirƙiro ƙananan manhajoji suka zuba a intanet kyauta. Guda uku ya zo da su. Ta farko tana buɗe babban fayil ɗin wasan ta fito da abin da ke ciki, hotuna da sauti da komai, kamar yadda mahauci yake fito da kayan ciki. Ta biyu tana mayar da su ta ɗinke. Ta uku kuwa jarumi take gyarawa, ka ƙara masa ƙarfi ko jini yadda kake so. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa na gane. Ban gane ba. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne za mu iya cire Turancin mutanen ƙauyen nan mu sa su yi Hausar Zango.

Nan muka tsaya a kan maƙeri. Yana buƙatar muryar dattijo mai nauyi, wanda in ya faɗi kuɗin kaya ba ka da bakin musu. Muka kalli juna, ni da abokina, don mun san mutum ɗaya ne tak ya dace.

Mahaifina dillalin shanu ne. Daga can arewa ya biyo garke da ƙafa yana saurayi, ya iso Kumasi ya zauna. Mutumin kirki ne, ba ya duka, ba ya zagi, amma fuskar nan kullum a ɗaure. A shekara guda kana iya ƙirga dariyarsa da yatsun hannu ɗaya, har yatsa ya rage. Da a ce lafiyarsa ƙalau a lokacin, ko kusa da shi ba zan kai wannan maganar ba. To amma ƙafa ta matsa masa, ya yi mako biyu bai je kara ba, zaman gida ya ishe shi. Na lallaɓa na durƙusa na ce, "Baba, wani ɗan aiki ne muke so ka taimaka mana da murya." Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya ce, "Mu gani."

Na zaunar da shi a kujera gaban kwamfuta, na ajiye wayata kusa da bakinsa tana ɗauka. Abokina ya riga ya fassara maganganun maƙerin a takarda. Ya karanta masa na farko: "Baba, ka ce, takubbana sun fi na kowa kyau a ƙasar nan."

Baba ya ce, "Ina takubban?"

Na ce, "Baba, ai babu su, wasa ne."

Ya ce, "Shekara arba'in ina kara, ban taɓa yaba saniyar da ban gani da idona ba. Nuna mini."

Na nuna masa hoton takobi a kwamfuta. Ya matso da fuska, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Wannan? Mariƙinsa ya yi gajarta. Ba zan yabe shi ba."

Haka muka yar da takardar. Muka ce to Baba, faɗi abin da kake faɗa a kara. Nan fa bakinsa ya buɗe. "Albarka. Ƙara dai." "Duba da kyau kafin ka saya, kar ka dawo mini gobe." "Na sallama, Allah ya sa albarka." "Allah ya kiyaye hanya." Wallahi har tsigar jikina ta tashi, don ban taɓa jin Baba yana ciniki kusa da kunnena haka ba.

Ana cikin haka mahaifiyata ta ɗaga labule ta shigo da kwanon koko. Ta ji Baba yana cewa "Albarka, ƙara dai," ta duba ɗaki ba ta ga baƙo ba.

Ta ce, "Alhaji, da wa kake ciniki?"

Ya ce, "Da ɗanki. Takobi nake sayar masa."

"Takobi? A gidan nan? Yana ina?"

Ya nuna kwamfuta da haɓa ya ce, "Yana cikin akwatin nan."

Mma ta ajiye kwano. Ta kalli gaban kwamfuta, ta zagaya ta leƙa bayanta, ta ɗan girgiza ta. Sannan ta miƙe ta ce, "To in ya saya, ya fitar mini da shi waje. Ba na son ƙarfe mai kaifi a ɗakin da jikokina suke shiga."

Sai Baba ya fashe da dariya. Jama'a, dariya ta gaske. Daga hanci ta fara, ta sauka kafaɗu, har ya kama gefen kujera, hularsa ta karkace. Ta ƙare da tari, yana share ido yana cewa, "Kai, Hajiya, ke dai!" Ni da abokina muka zuba masa ido kamar mun ga wata da rana tsaka. Wayata kuwa tana nan tana ɗauka.

Abokina ya tafi da sautukan, ya yi kwana uku yana yanka yana ɗinkewa da manhajojinsa. Da ya dawo ya sa mini, na kai jarumina wurin maƙeri, sai ga wani ƙaton Bature mai gemu ya buɗe baki ya ce, "Albarka, ƙara dai." Muka yi ta ihu muna tafawa. Na tambaye shi, "Dariyar fa?" Ya yi wani murmushin mugunta ya ce, "Na ajiye maka ita a wani wuri. Yadda na san hannunka, ba za ka wuni ba ka ji ta ba."

To ga inda na yi wautata. A makon nan tsiyar abokina ta kai mini wuya, kullum sai ya tambaye ni yau sau nawa aka yi jana'iza. Da ya fita, na buɗe manhaja ta uku, mai gyara jarumi. Na yi ta danne-danne ban san abin da nake yi ba, har na ci karo da wani gurbi na jini, na cika shi da tara-tara har ya ƙi karɓa. Daga ranar jarumina bai sake mutuwa ba. Na shiga gaya wa abokina cewa hannuna ya faɗa, yana mamaki, ni kuma ina hura hanci. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba. Dariyar Baba kuwa na jira ta kwana biyu ban ji ba, na ce ƙila ya manta bai sa ba, ni ma na manta da zancen. Da damina wayata ta faɗa kwata ta tafi da duk abin da ke cikinta. Abokina ma daga baya ya tafi neman aiki wata ƙasa.

Bayan kamar shekara biyu Allah ya yi wa Baba rasuwa. 'Yar gajeriyar jinya ce, kwana tara. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Mma ta shiga takaba. Ba ta kuka a gaban mutane, amma abinci ya gagare ta. A kai mata tuwo, ta taɓa loma biyu ta rufe. Ina kallon wuyanta yana ramewa, na rasa yadda zan yi. Wata rana bayan la'asar ta kira ni ɗakinta, tana zaune a kan darduma da carbi.

Ta ce, "Na manta dariyar babanka."

Na ce, "Mma, kamar yaya?"

Ta ce, "Fuskarsa tana nan. Tafiyarsa tana nan, har yadda yake gyaran murya a bakin ƙofa. Amma in na nemi dariyarsa sai in ji shiru. Shekara talatin da wani abu ina zaune da mutum, a ce wata guda da tafiyarsa na kasa tunowa? Abin nan ya hana ni sakat." Sannan ta ce, "Ran nan da kuka zaunar da shi yana sayar da takobi, kun ɗauka, ko? Tana nan?"

Na ce, "Tana nan, Mma." Da ƙarfin gwiwa na faɗa, irin na wanda bai san abin da yake faɗa ba.

Da yake mai takaba ba ta yawo, ni na kwaso kwamfuta da teburinta na kai ɗakinta. Wannan kwamfutar da ta yi shekaru tana kira akwatin shaiɗan, ita da kanta ta matsar da buta ta yi mata wuri. Na kunna, na kai jarumi wurin maƙeri. Muryar Baba ta cika ɗaki: "Duba da kyau kafin ka saya, kar ka dawo mini gobe." Carbi ya tsaya a hannun Mma. Na sa mata duka, ɗaya bayan ɗaya, har "Allah ya kiyaye hanya." Ta ce, "Shi ne. Amma wannan muryar kasuwa ce, kowa ya san shi da ita. Ni waccan nake so."

Na kira abokina. Da ƙyar na same shi, layi yana yankewa. Ya yi mini ta'aziyya, na tambaye shi inda ya sa dariyar.

Ya ce, "Kai, wallahi an daɗe, abubuwa sun yi mini yawa a kai. Amma na tuna na sa ta inda za ka riƙa ji kullum. Kana nufin ba ka taɓa ji ba?"

Na ce, "Ko sau ɗaya."

Ya ce, "Ba zai yiwu ba. Kai ɗin? Ko ka taɓa wani abu a wasan bayan na ba ka?"

Ku ji fa, ya tambaye ni da bakinsa. Da na faɗi gaskiya a nan, da ya tuna nan take, da an wuce wurin. Amma ni, ƙato da gemu, ina cikin makokin ubana, kunyar a ce na yi maguɗi a wasan yara ta hana ni. Na ce, "Ban taɓa komai ba." Ya ce to lallai abin da mamaki, in buɗe da manhaja ta farko in bi sautukan ɗaya-ɗaya, amma in yi kwafi kafin in taɓa komai. Layi ya yanke.

Nan ruɗu ya fara. Na buɗe manhajar, ta watso mini jan rubutu ta rufe kanta. Na sake, ta sake. Na karanta bayanin da mai ita ya rubuta, da alama shi ma Turancin aro ya yi kamar ni, don kowace kalma na santa amma in an haɗa su ban san me ake nufi ba. Na shiga dandalin intanet inda masoya wasan suke taruwa, na rubuta matsalata da ɗan Turancina. Wani bawan Allah ya amsa da tambayoyi uku, ban gane ko ɗaya ba. Wani ya shigo ya ce na farkon bai san abin da yake yi ba, tsohuwar manhajar ta fi sabuwar. Suka kaure da musu kwana biyu cur, har wasu suka shigo rabon faɗa su ma suka ɗauki ɓangare, ni mai matsalar an manta da ni. A ƙarshe wani ya tausaya, ya aiko mini hoto da jan kibiya yana nuna inda zan danna. Allah ya saka masa, ko wane ne shi.

Na danna, ta buɗe. Amma da yake hannuna ba ya zama wuri ɗaya, na danna wani abu kuma. Da na kunna wasan don in gwada, na je wurin maƙeri, ya buɗe baki sai ƙarar tsohuwar ƙofa ta fito, ƙiiii. Na sake danna shi, ya yi haushin kare. Mma ta ajiye carbi ta ce, "Me ka yi wa Alhaji?" Na ce shi ke nan, garin neman ƙiba na samo rama, ga dariya ban samu ba ga muryar kasuwar ma na hallaka. Allah ya taimake ni na bi maganar abokina guda ɗaya, na yi kwafi a filashi. Na mayar, maƙeri ya dawo hayyacinsa, ni kuma sai da na fita tsakar gida na sha ruwa.

Sautukan da manhajar ta zazzago sun kai dubbai, an raba su folda-folda: na ƙauye, na dodanni, na ƙofofi, na makamai, na jarumi. Haka muka shiga bin su. Kullum in na taso daga Anloga, in yi wanka in shiga ɗakin Mma, ita tana jan carbi ni ina danna fayil. Ƙarar sarƙa. Gurnanin dodo. Ƙashi yana karyewa. Wuta tana ci. Wata mata tana ihu. Kowanne ya wuce sai Mma ta ce, "Ba shi ba ne," kamar ni ban ji ba. Wani gurnanin ma sai da ta ce in maimaita, ta saurara da kyau, ta ce, "A'a, wannan ya fi kama da minsharinsa." In an ɗauke wuta mu zauna jugum, in an kawo in manta inda na tsaya mu koma baya. Wata maƙwabciyarmu ta zo gaisuwa, ta yi sallama a bakin ƙofa, dodo ya amsa mata da ruri daga ɗakin mai takaba. Ko takalmi ba ta cire ba ta juya, sai da Mma ta aika aka ba ta haƙuri.

A foldar jarumi akwai wasu 'yan fayiloli da sunan mutuwa a jikinsu da Turanci. Da na iso kansu na tsallake. Na ce a raina, a gidan makoki, a gaban matar da mijinta bai yi wata biyu a ƙasa ba, ni zan kunna kakarin mutuwa? Ina! Wace irin tarbiyya ke nan? Kuma wane mai hankali ne zai ajiye dariya a wurin? Na wuce abina ina jin na yi abin kirki.

Mako uku muna wannan aiki, muka kai ƙarshe, babu dariya. Na rasa abin da ke mini daɗi. Na fara zargin abokina bai sa ba, na fara zargin manhajar ta haɗiye, har na fara zargin kaina ko Baba bai yi dariyar ba mafarki na yi. Mma ta ce, "Bar shi haka. Wataƙila Allah bai nufa in sake ji ba." Yadda ta faɗi maganar a sanyaye ya fi mini ciwo fiye da a ce ta zage ni. Ga kwanon tuwonta nan a gefe ko buɗewa ba ta yi ba.

Na ce, "Mma, saura dabara ɗaya. Zan buga wasan daga farko har ƙarshe, in buɗe kowace ƙofa, in taɓa kowane abu. In tana ciki za ta fito."

Ranar Asabar da hantsi na fara, tana zaune a bayana tana kallo. Na gangara rami, dodanni suka yanyame jarumina, sun fi ashirin, wannan ya sara wancan ya soka, wani ya watsa masa wuta. Shi kuwa yana tsaye ƙyam yana ta saran iska, don har lokacin ban iya ba.

Mma ta ce, "Wai wannan mutumin naka ba ya jin duka ne?"

Na ce, "Yana ji."

"To tun ɗazu ake sararsa, ko gezau. Da ɗan adam ne ai da tuni an yi masa sutura."

Na sosa ƙeya na ce, "Ai na gyara shi ne, Mma. Ba ya mutuwa."

Ta ce, "Ba ya me?"

"Ba ya mutuwa. Akwai wata manhaja da ake..."

"Cire masa."

Na ce, "Mma, wasa ne fa. In na cire ba zan kai ko'ina ba."

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba tun rasuwar. Ta ce, "Na ce ka cire. Wata biyu ke nan da aka fitar da babanka daga gidan nan a makara. Mutumin da ya taka daga arewa har Kumasi da ƙafarsa, ya kwanta kwana tara ya tafi. Shi ya mutu, sai wannan ɗan tsanar naka ne zai tsaya mini a ɗaki wai ba ya mutuwa? Allah kaɗai ne ba ya mutuwa. Cire masa ko ka fitar mini da akwatinka."

Na buɗe manhaja ta uku, na daɗe ina laluben gurbin da na cika shekara biyu da suka wuce, na same shi, na goge tara-taran nan. Na koma rami. Ko lokacin da za a yi alwala ba a ɗauka ba, wani ɗan ƙaramin ƙwarangwal mai guntun sanda ya zo ya kwaɗa wa jarumina ɗaya, ya ƙara masa. Fuskar kwamfuta ta yi ja, jarumi ya durƙushe ya kife.

Sai dariyar Baba ta cika ɗakin.

Ita ce, daga farkonta har ƙarshe. Yadda ta fara daga hanci, ƙarar kujera da ya kama, tarin, har da ƙarar murfin kwanon kokon Mma a bayanta. Sannan muryarsa: "Kai, Hajiya, ke dai!"

A lokacin komai ya faɗo mini. Ɗan banzan abokina ya cire kakarin mutuwar jarumi ne ya sa dariyar Baba a wurin, don duk sanda aka kashe ni in ji ubana yana mini dariya. Ni kuma na hana jarumin mutuwa, na ƙaryata da aka tambaye ni, sannan na tsallake fayil ɗin da hannuna saboda ladabi.

Na juya. Mma ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye yana bin yatsunta, kafaɗunta suna rawa. Na kasa gane kuka take yi ko dariya, ina jin ita ma ba ta sani ba. Da ta samu numfashi ta ce, "Sake kashe shi."

Na sake tura shi wurin ƙwarangwal ɗin. Baba ya sake dariya. Ta ce, "Sake." Sau bakwai aka kashe bawan Allahn nan a zama ɗaya. A na bakwai Mma ta share fuska, ta ja dogon numfashi ta ce, "Haka ne. Haka yake yi." Sannan ta duba gefe ta ce, "Wannan tuwon ya huce. Ka ce a ɗumama mini."

Da na samu abokina a waya na gaya masa komai, sai ya ce, "Wato shekara biyu kana mini ƙaryar hannunka ya faɗa?" Ya yi dariya har layi ya yanke. Ya sake kira don kawai ya ƙarasa.

Daga baya na koma kan fayilolin da na tsallake, ga fayil ɗin nan shi ne na farko a jeri. Na kwafe shi na sa wa Mma a wayarta don ta riƙa ji duk sanda take so. Ta saurara sau biyu ta miƙo mini ta ce in cire. Wai Alhaji ba ya dariya don an danna maɓalli, sai an yi abin dariya. Ban yi musu ba, don ta fi ni saninsa.

Har yau in na tuna abin nan kaina yana ɗaurewa. Mutanen da suka yi manhajojin nan ban san su ba, ba su san akwai wata unguwa Aboabo a duniya ba, don nishaɗinsu suka yi, amma da hannunsu aka adana mini abin da ya fi komai daraja a gidanmu. Abokina don tsiya ya yi, ta zama alheri. Ni kuwa da na yi nawa don kare mutunci, ƙaramar ƙaryar da na ɗauka ba ta cutar da kowa ita ta sa mahaifiyata ta yi mako uku tana sauraron gurnanin dodanni da yunwa a cikinta. Wannan har gobe yana cina. Tun daga nan, in aka tambaye ni ko na taɓa wani abu, ko a wurin aiki ne, nakan ce e, na taɓa, ga abin da na taɓa.

Tsohuwar kwamfutar tana nan a ɗakin Mma, na yi mata kabad na katako mai kyau, ta lulluɓe ta da ƙyalle. Ran Juma'a in na je gaishe ta bayan masallaci, wani lokacin takan ce, "Kunna akwatin nan." In kunna, in gangara rami, ita tana bayana da carbinta. Abin haushin shi ne, bayan duk shekarun nan hannuna ya ɗan faɗa da gaske. Makon da ya wuce na yi ta kare sara ina kashe dodanni, har na fara jin daɗin kaina, sai na ji ta taɓa mini kafaɗa.

Ta ce, "Kai, ka daɗe da yawa. Bar shi ya faɗi, babanka nake jira."